Shekarar da Gas Ya Sauka a Gonar Yaya

Yayana bai taɓa yarda cewa don noman dawa aka halicce shi ba. Daminar da rediyo ya ishe mu da labarin an samu mai a wajen maƙwabtanmu na Bauchi, sai ga shi a kan babur tun daga Basirka har gidana a Birnin Kudu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in taso in ga arziki.

Arzikin dai kududdufi ne a gindin gonarmu ta gado, yana ɓulɓulo da kumfa. Yaya ya kifa kwalba ya tari iskar, ya ƙyasta ashana, wata 'yar wuta shuɗiya ta kama ta mutu. Ya dube ni kamar ni ne gwamnatin da za ta turo tankoki.

'Yata tana karatun duwatsu a jami'a, kuma tana gida hutu, sai na koma da ita. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta leƙa ruwan, ta toshe hanci.

Ta ce, "Baba, gas ɗin da ake haƙowa yana zama ne cikin wani dutse da asalinsa laka ce ta daskare. Ƙofofinsa sun fi bakin allura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ta nan iskar ke rarrafawa, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin randa, kuma sai an farfasa dutsen take fitowa. Mu namu dutsen irin na niƙa ne, ba ya ajiye gas. Wannan kashin shanu ne ruwa ya kwaso yake ruɓewa."

Cikin duk bayanin nan, kalma ɗaya Yaya ya zaɓa. Ya ce da ni, "Ka ji ko? Rarrafawa take. To ta iso."

Tun zamanin mahaifinmu akwai wasu Fulani da ke sauke shanunsu a gonar bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Da wannan takin gonar ke ciyar da gidan Yaya. Dattijonsu yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifinmu. Da kaka ta yi suka iso kamar kullum, Yaya ya tare su a bakin iyaka. Wai kofaton shanu zai toshe masa ƙofofi, wutar girkinsu kuma za ta ƙone dukiyar ƙasa. Dattijon ya ce, "To, Alhaji, Allah ya sa alheri," ya kora shanunsa gonar maƙwabci. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na yi wata guda ba na ɗaga wayar Yaya.

Damina ta zagayo, kududdufi ya yi tsit. Dawar attajirin namu ta tsaya iya ƙugu, ciyawar wuta-wuta ta cinye rabinta. Ta maƙwabci kuwa sai mutum ya ɗaga kai.

Na ɗaura buhun dawa a bayan babur na kai masa, don akwai yara a gidan. Na same shi tsaye a bakin iyaka, ya rame, yana kallon wani rami a gonar maƙwabcin da ke ɓulɓula abinsa, shanun dattijon sun bar shi da taki.

Bai dubi buhun ba. Ya ce, "Yarinyar nan ta yi karatu. Ka ga, iskar ta bi ƙofofin ta koma can."