Bulalar Mai Jaki da Wayata

Ni dai karatuna na boko a aji uku ya tsaya, ba don kai ya gaza ba, sai don na ga malamin ya fara maimaita abin da na riga na sani. Digirina na gaskiya a gindin murhun kakata Inna Tabawa na yi shi, a wani ƙauye bayan Roni.

Lokacin kaka, da an idar da sallar magariba, sai ta tura kara a wuta, ta juye mana kwandon gyaɗa a tabarma. "Ga tatsuniya a bakina, ga gyaɗa a gabanku," haka take buɗewa. "Duk wanda hannunsa ya tsaya, shi ya rufe mini baki." Mu bakwai ne jikokin, ni ne mai ɓare uku in aika ɗaya ciki. Tana lura. "Audu, kuncinka ya fi kwanonka cika."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wani mai jaki da ke kai itace kasuwa. Rana ɗaya jakin ya ƙi tafiya. Da an ɗora masa kaya sai ya ƙame. Mutumin ya je wurin baduku ya ce, wace bulala ce ta fi zafi? Badukun gwani ne, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, ya kitsa masa mai igiya uku. Jaki ya sha duka, bai motsa ba. Baduku na biyu ya ce na farkon bai iya ba, ya kitsa mai igiya biyar har da ƙulli a baki. Jaki ya kwanta.

A nan Inna takan tsaya gyaran wuta, sai mun roƙe ta.

"Na ukun tsoho ne," in ji ta. "Ko wuƙa bai ɗauka ba. Ya ce, 'Me za ka yi da bulalar?' 'Jakina zan daka.' 'Me kake so ya yi?' 'Ya yi tafiya.' 'To je ka kawo jakin.'"

Tsoho ya ɗaga akumari, sai ga miki kamar tafin hannu. Ƙayar aduwa ce ta maƙale a ciki, kullum kaya na danna ta a bayan dabbar. Aka cire, aka wanke, bayan kwana bakwai mai jaki da gudu yake bin jakinsa.

"Wane ne mugun?" sai ta tambaye mu. Mu ce mai jaki.

"A'a. Shi tsoro ne ya kama shi, jakin nan ne tuwon 'ya'yansa. Badukan nan biyu ma ba su yi ƙarya ba, abin da aka tambaye su suka amsa. Jakin ne dai ya sha wuya. Tatsuniya ta tafi gida, ku kawo kwanonina."

Bara, ina da saba'in da 'yan kai, 'yata Hajara da ke aure a Babura ta daina kirana. Kafin nan, in ta kira, muryarta nake ji can ƙasa kamar daga rijiya, in yi ta "Na'am? Na'am?" har in gaji in kashe. Sai ta aiko ta bakin yayanta cewa in Baba fushi yake da ita, ya faɗa mata laifinta. Ranar tuwo bai ciwu ba.

Na ɗauki waya na nufi Kazaure. Mai gyara na farko ya canja sifika. Na biyu ya ce ta farkon jabu ce, ya sake canjawa. Na uku Modu ne, Babarbare, ni kuwa Bafulatani, ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Kai bawana, wace sifika ce ta fi ƙara?"

Ya kira lambata da wayarsa, ya kara tawa a kunne, ya yi saurin janye ta. "Baffa, wannan ai har Damagaram za a ji ta. Rediyonka fa?"

"Shi ma ya lalace."

"Ladanin unguwarku?"

"Ya tsufa, murya ta tafi."

"To. Waya ta lalace, rediyo ya lalace, ladan ya tsufa, duk a shekara ɗaya. Baffa, hau babur."

Ya rufe shago ya kai ni asibiti. Aka ba ni maganin ɗigawa na kwana uku, sannan aka wanke kunnuwan. Abin da ya fito ba zan rubuta ba, saboda mutuncin zuriyarmu.

A bakin asibitin na kira Hajara. Da ta ce "Baba", sai da na nesanta wayar daga kunne, don aikin masu sifikan nan biyu yana nan daram. Na faɗa mata komai. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, kuma na ji har shesshekarta.

Shekara sittin ina ba yara labarin nan, kullum a raina ni ne tsohon baduku. Ashe ni ne mai jakin, ni ne kuma jakin. Allah Ya jiƙan Inna Tabawa.

Ladaninmu ma, mun gode Allah, muryarsa ta dawo.