Numfashin Ladanin Garo

Da damunar bana Malam Ladan ya cika shekara goma sha biyar a ƙasa. Ladan shi ne sunan da Garo ta san shi da shi. Ni kuwa matarsa ce, bakina bai taɓa kama sunansa na yanka ba, kuma ba zai fara yau a jarida ba. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin kunya a ciki ba. Na faɗa ne aka rubuta, na ce kada a gyara mini magana.

Ku da ba ku san shi ba, kun yi rashi. In ya ɗora hannu a kunne ya ja kiran la'asar, masu noma a gonakin hanyar Gammo sukan ajiye fartanya. Numfashi ɗaya yake yi wa "Hayya alal falah", ya ja ta, ya lanƙwasa ta, ya sauke ta a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa.

Kafin ladanci, masaƙa ya yi wa aiki a Kano, a ɗakin da ake shiɓar auduga. Yakan dawo gida ƙarshen wata, gashin hancinsa fari fat. In na yi magana sai ya yi dariya, ya ce ai ana ba su madarar gwangwani, tana wanke ƙirji. Haka duk ma'aikatan suka yarda. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, aka sallame su kamar an kaɗe tabarma. Ya tattara abin da ya samu ya sayi injin niƙa, ya kafa a ƙofar gida. Ya bar ƙurar auduga, ya faɗa ta dawa da rogo da barkono.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun bai fara tari ba, tun yana iya saɓa buhu shi kaɗai, na ji kiran ya canza. Yana kaiwa tsakiyar "falah" sai ya yanke, ya saci numfashi, ya ƙarasa. Na gaya masa. Ya ce, "Ke dai kunnenki ya cika tsegumi. Tsufa ne." Abokansa na majalisa suka mai da abin wasa, wai tuwona ne ya cika masa ciki. Ni kaina na ji sauyin, amma ban san sunan abin da nake ji ba. Shekaru suka shige kafin haki ya zo, sannan tari, sannan kwanciya a jingine da bango don ba ya iya miƙewa. Ranar da muka kai shi asibitin Gwarzo, likita ya ce huhun ya daɗe da gajiya. Shi da ake ji daga nesa, sai da na kai kunnena bakinsa na ji kalmar shahadarsa.

Abin da ya sa na tone wannan miki shi ne autanmu, Garba. Shi ya gaji injin, shi ya gaji kiran salla. Bara da kaka, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji ya yanke. A "falah". Daidai inda ubansa yake yankewa. Rariya ta faɗi daga hannuna.

Ana nan sai labari ya zo cewa ma'aikatan asibiti suna neman masu aikin ƙura, masu niƙa da masu fasa dutse da kafintoci, su je su busa wani ɗan bututu mai awo. Wai daga ƙarfin busar da daɗewar mutum a ƙura ake gane wanda huhunsa zai ba shi wahala nan gaba, tun yana ganin kansa garau. Na ce Garba ya je. Ya dube ni ya ce, "Inna, yanzu fa Shari'a ake yi. Faɗin cutar da ba ta zo ba ai duba ne."

Na ce, "Kai, rufe mini baki. In ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka kwashe shanyar mutane, boka ka zama?"

Ya ƙi. Ni kuma ba a ƙi ni a gidana. Da ya tafi masallaci na cire bel ɗin injin na tura ƙarƙashin gadona. Ya dawo yana magiya, wai mata sun jera ƙorai suna jira. Na ce turmi bai mutu ba, su daka. Shi ma limamin masallacinsu ya gaya masa awo ba duba ba ne, neman magani ne tun da wuri. Ran kasuwar Gwarzo ya hau mota ya tafi awon.

Ya dawo gida. An ce masa busarsa ba ta kai ta sa'anninsa ba, kuma in ya bar ƙura yanzu, abin da ya rage zai riƙe shi. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Inna, in na bar injin, me yarana za su ci?" Na shiga ɗaki na laluba ƙarƙashin gado. Na miƙa masa bel ɗin da hannuna.

Yanzu ya fasa bangon rumfar injin ya yi taga, yana ɗaure hanci da ƙyalle, ya daina karɓar barkono. Ko hakan ya isa, Allah masani. Nakan tambayi kaina, da Malam yana raye, me zai ce? Wataƙila ya yi wa bututun dariya kamar yadda ya yi mini. Amma na san shi da 'ya'yansa. Da an ce masa Garba ne, da kansa zai ɗora injin nan a amalanke ya kai kasuwa. Sanin cuta tun tana hanya alheri ne, amma talakan da aka sanar ba a nuna masa wata sana'a ba, an ƙara masa kaya ne kawai. Wannan ya kamata masu awon su ji.

Malam bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Ya bar mana murya da inji, kuma ɗaya yana cin ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa kiran da ya yi ya cece shi. Ni kuwa, kullum la'asar ta yi, mutanen Garo suna jin kiran salla ne. Ni ina tsaye a bakin zaure, ina sauraron inda ɗana zai yanke.