Sallamar da Sabiru ke jira

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ko walimar suna a Zongon Lome, a inuwar Sabiru ya zauna, ko da bai san shi ba. Ɗinkin rumfunan tamfol ne sana'arsa tun yana saurayi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai an ciro ta da ƙugiya. Iyakar tafiyarsa a duniya Kodjoviakopé, bakin iyakar Gana, nan ɗin ma sai da ya durƙusa gaban mahaifinsa, Malam Haliru, ya ji "Allah ya kiyaye hanya" kafin ya hau babur. Haka gidansu yake, ba a tafiya sai Malam ya sallami mutum da bakinsa.

Ba'indiyen da ke sayar masa da tamfol ne ya zo masa da maganar. Danginsa suna da masauki a gefen wani gandun daji a ƙasarsu, inda masu hannu da shuni ke kwana a tantuna masu gado da banɗaki, da safe a zuba su a mota a shiga daji neman damisa mai zane-zane. Suna neman mai kula da tantunan, wanda ke jin Faransanci saboda baƙi. Ya ce Sabiru ya ɗinka guda a gani.

Ya ɗinka, ya kafa a tsakar gida, unguwa ta yi ta zuwa kallo. Ƙanwarsa Haulatu ta riƙe haɓa ta ce, "Yaya, wato mutum ya bar gidan siminti ya je ya kwana a rumfar makoki, don kawai ya ga ƙatuwar kyanwa?" Sabiru ya yi dariya. Shi ba damisar ce a ransa ba. So yake ko sau ɗaya ya wayi gari a inda ba a kiransa ɗan Malam.

Ba'indiyen ya gani ya yaba, ya ce aiki nasa ne. Ana cikin neman biza, kafin Sabiru ya sami bakin faɗa wa tsohon, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, amma harshe ya tafi, hankali ma sai a hankali. Ɗakinsa zafi kamar tanda, sai aka mayar da shi cikin tantin, inda iska ke ratsa tagogin raga.

Kowace safiya Sabiru zai yi masa alwala, ya durƙusa ya ce, "Baba, in tafi?" Leɓen tsohon ya yi ta rawa, ba kalma. Haulatu ta ce jinya tana wuyanta. Limamin unguwa ya ce lalura ce, babu laifi a kansa. Sabiru ya ce, "Liman, ban ji da kunnena ba."

Ranar tafiya mota ta tsaya a bakin lungu tana ta hon, jaka a ƙofar tanti. Malam ya kama wuyan hannun ɗansa da hannunsa mai lafiya, ya matse.

"Sallamarka yake yi, Yaya, tashi ka tafi!" in ji Haulatu.

"In kuma riƙe ni yake fa?"

Mota ta gaji ta wuce. Ba'indiyen ya ɗauki wani.

Abin haushi, abin tausayi. Tantin yana nan, ruwan sama ya koɗar da shi, Sabiru ya koma ɗinkin rumfunan makoki. Jakar tana rataye a jikin sandar tanti, har yau bai kwance ta ba.

Hankalin Malam ya dawo daga baya, harshen ne dai shiru. Yanzu kullum in Sabiru ya kawo koko, tsohon sai ya ɗaga hannu ya nuna jakar, ya nuna ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Kowa ya gane abin da yake nufi, har Sabiru. Sai ya kama hannun ya sauke a hankali, ya ɗebo cokali.

"Na ji, Baba. Sha kokonka kar ya huce."