Cokalin Baba Dauda

Baba Dauda ya rasu 'yan makonni bayan Kirsimetin bara. Ni maƙwabcinsa ne a garin Yara, tsohon mahaƙin rijiya. Ban iya dogon zance ba.

Kun san shi da cokali a aljihun kwat. Kowace Kirsimeti, da an tashi daga coci sai ya bi gidaje a ƙafa. Ya gaisa, ya zaro cokalinsa, ya ɗebi loma ɗaya, ya sa albarka, ya wuce. Da gidajen tsofaffi da waɗanda mazansu suka mutu yake farawa. A wurinsa, in baƙo bai ɗanɗana girkinka ba, ba ka yi biki ba. Bikinsa ke nan duka.

Na taɓa ce masa, "Baba, ai kowane gida akwai cokali."

Ya ce, "Akwai. In na ci da nasu sai an wanke, ruwa kuma saye ake yi. Rijiyoyin da ka haƙa mana duk sun ƙafe."

'Yarsa Rifkatu ta aiko masa da shadda don ya rabu da tsohuwar kwat ɗin. Ya ce, "Wanda ake wa bikin a komin dabbobi aka kwantar da shi. Ni ne zan fi shi ado?" Ya kai wa tela, aka yi masa labulen ƙofa.

Gida ɗaya kawai yake yin loma biyu, gidan Maman Saratu, tsohuwar da ba ta da kowa. Shinkafarta gishiri ne zalla. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "In ban ƙara ba, wa zai ƙara?"

Bara 'ya'yansa suka zo da mota. "Baba, ka tsufa da yawon nan. Zo Abuja ka huta, ka ci mai kyau." Ya ƙi. Suka sa jikoki roƙo, ya shiga motar.

Can ma da aka taso daga coci sai ya sulale, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Maigadi ya dubi kwat, ya dubi cokali, ya ce, "Baba, ba a bara a nan." A gida na gaba aka kira masu tsaron unguwa. Ɗansa ne ya je ya karɓo shi, yana ba su haƙuri da Turanci.

Da ya dawo na ce, "Baba, yaya Abuja?"

"Akwai nama. Ba mutane."

Muka yi dariya, tasa ba ta daɗe ba. Ya ce, "Wa ya leƙa Maman Saratu?"

Ba wanda ya leƙa. Ranar Kirsimetin ta dafa, ta rufe, ta zauna a bakin ƙofa tana jiransa har la'asar. Ya ja sandarsa ya je ba ta haƙuri. Ta ce, "Na zuba wa kaji, Dauda."

Ya ce, "Baɗi da ke zan fara."

Bai kai baɗin ba. 'Ya'yan ba mugaye ba ne, gata suka so yi masa. Amma Kirsimeti ɗaya ta rage wa mutumin, aka kai shi ya ci ta a bayan ƙofar ƙarfe.

Allah Ya ba shi hutu, Ya buɗe masa ƙofa tun bai ƙwanƙwasa ba. Yana kwance a Garaku, kusa da matarsa.