Sharar da Na Yi wa Dutse

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na cika tara, na saɓi tsintsiyar kwakwa, na soke wuƙar girkinmu a jaka, na nufi dutsen da ke bayan unguwarmu Taman Melati, can ƙasar da ake yin Malayanci, ina jin kaina mai zuwa aikin lada. Baba yana jami'a yana fama da digirinsa na uku, Umma tana Kano wajen jinyar kakata, gida ya zame mini kango. Daga ni sai fanka, sai shinkafar da Baba kan yo mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe a leda, daga shagon abincin da ake kira mamak. A makaranta yara suna tsallen igiya suna zuba Malayanci da gudu, ni ina jingine da bango ina kallon tururuwa. A gindin dutsen nan kaɗai aka san sunana Hajara.

Masu hawansa ba su fi takwas ba, duk Asabar suna nan da igiyoyinsu da farin garin da suke shafa wa hannu don kada su zame. Babbarsu Kak Ros ce, wata siririyar mata mai furfura, "Kak" ɗin kamar "Yaya" ce a wajenmu. Tun farko ita ta gan ni ina leƙe ta shinge ta yafuto ni, ta ɗaura mini igiya a ƙugu, ta riƙe ɗaya bakin har na hau tsayin ɗaki. Lokacin ana son fasa gefen dutsen a gina benaye, su kuma suna yawo da takarda gida-gida ana sa hannu a bar shi. Dattijon da ke da gonar da ake ratsawa ya bar musu ƙofa bisa sharaɗin kada a taɓa ko ganye. Da Malayanci aka yi wannan magana, ta wuce ni. Abin da na tsinta kawai shi ne wannan Asabar ɗin za a yi baƙi masu duba wurin.

To, a gidanmu na Kano in za a yi baƙi shara ake yi. Kakata kan ce, "Ciyawa a gindin bango shaidar gidan ragwaye ce." Na yi sammako na tuge 'yan tsirran nan masu gashi-gashi da shuɗin fure da suka maƙale a tsagar dutse, wanda ya yi gardama na sa masa wuƙa, na share ƙasa tas har zanen tsintsiya ya fito. Na tara su tsibi guda na zauna ina jiran yabo, ni uwar gwaninta.

Kak Ros ta iso ta tsaya cak. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta durƙusa ta ɗauki guda ta saiwarsa, ta ce da ni a hankali da Turanci, "Su muka kira mutane su zo gani, Hajara. Ba sa fitowa sai a irin wannan dutsen." Kafin azahar dattijon ya garƙame ƙofarsa da kwaɗo.

Sau uku tana zuwa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, sau uku ina ɓuya a banɗaki na toshe bakina, kunya kamar ƙasa ta tsage na shige. Daga baya Baba ya gaya mini sun yi watanni suna ba dattijon haƙuri, suna rainon irin tsirran a kofunan roba, har ya sauko. Ba ta taɓa faɗa wa dattijon wanda ya yi ɓarnar ba. Ta ba Baba saƙo cewa igiyata tana nan tana jirana. Ban je ba.

Yanzu a unguwar Sentul nake aiki. Idan jirgin ƙasa ya doshi tashar Taman Melati da yamma nakan manna goshina a gilashi. Benaye sun kewaye dutsen amma yana tsaye, gindinsa ya koma kore, nakan hango mutane suna reto a jikinsa, ba wanda na sani a cikinsu. Bara na ji Kak Ros ta rasu. Da ma na buɗe mata ƙofar nan, ko sau ɗaya.