Lemun Tsamin da Haliru Ya Matse

Allah ya jiƙan Haliru na Gazara, manomin rake, mutum mai taushin zuciya wanda ko kaza zai yanka sai ya kira maƙwabci. 'Ya ɗaya Allah ya bar masa, Ummulhairi, bayan ya binne uku.

Shekara biyu da samun mulkin kai, masu lamba suka zo yi wa yara rigakafin agana. Ana ta raɗe-raɗin lambar tana kumbura hannu har ta kashe yaro. Haliru ya kai yarinyar don tsoron mai gari, amma suna komawa gida ya yi abin da wasu ke yi: ya matse lemun tsami a kan tsagar, ya goge da toka don kada ta kama.

Da rani agana ta shigo gari. Yaran da lambarsu ta kama suna ta wasansu. Ummulhairi kuwa ta kwanta da zazzaɓi, kwana uku ƙuraje suka feso mata.

"Malam, agana ce," in ji matarsa Uwaliya.

"Wace agana? Ƙurajen zafi ne. Ai an yi mata lamba, kowa ya gani."

"An yi, ka wanke."

"Da ɗan lemo ɗaya, ko ruwan kirki babu? In lemo na karya maganin likita, to dama can maganin banza ne."

Da ƙarfi ya faɗa. Amininsa Inuwa ya roƙe shi a kai ta bukkar bayan gari, inda tsofaffin da suka taɓa yin ciwon ke jinyar masu shi. Haliru ya ƙi, don kai ta can amsa laifi ne.

"Haba Inuwa, har da kai? Ni zan cuci 'yata?"

Don ya nuna wa gari, ya kuma nuna wa kansa, cewa ba agana ba ce, sai ya riƙa ɗora ta a cinya, yana shan kunu a ƙoƙonta, alhali shi bai taɓa yin ciwon ba, ba a kuma taɓa yi masa lamba ba.

Ummulhairi ta tashi, da zanzana a fuska, ido ɗaya kuma ya mutu. Ran da ta fara takawa Haliru ya kwanta. Da ƙurajen suka fito masa har tafin hannu, ya daɗe yana kallonsu. Ya ji sallamar Inuwa.

"Kada ka shigo, ɗan'uwa," in ji Haliru. "Agana ce. Ni na wanke mata lambar. A kai ni bukka."

Kwanansa tara a can. Allah ya sa ya huta.