Hajjo, mai bin sawun ƙura

Idan gari ya waye a unguwar Sersouf, kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu na ƙarfe, za ka ga wata dattijuwa a gefen hanya da bokiti a hannu, tsummokara a ciki, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Hajjo ke nan, mutuniyar Damagaram. Aikinta sharar gidajen mutane da goge su, kuma ta daɗe tana yinsa a nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, har yaran da ta tarar a goye yanzu su ke tuƙa taksi. A wannan watan za ta ajiye bokitin ta koma gida wurin ƴarta, don gwiwa ta ƙi. Shi ya sa ya dace a faɗi ko wace ce ita tun tana cikinmu tana ji da kunnenta.

In ta shiga gida ba tsintsiya take fara ɗauka ba. Sai ta yi sallama, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta bi kan taga da yatsa, ta duƙa ta shafo ƙarƙashin gado. Abin da ya manne mata sai ta murza shi, ta kai wurin haske ta duba, wani lokaci har ta sunsuna. Matan da ba su san ta ba sukan ɗauka raina musu tsabta take yi, alhali kuwa kanta take tambaya daga ina wannan ta fito.

Tambayar ta kama ta tun farkon zuwanta, lokacin da take aiki a wasu gidaje biyu masu katanga ɗaya. Iska ɗaya ke kaɗa su, amma ƙurar gida ɗaya ja ce mai gurza kamar yashi, ta ɗayan kuwa toka-toka ce mai laushi, tana dunƙulewa kamar auduga. Duk wanda ta yi wa maganar sai ya ce ai hamada ce, wa zai yi faɗa da hamada? Hajjo ba ta gamsu ba, don ba ta taɓa ganin auduga a hamada ba. Ta yi ta lura har ta gane jar daga waje take, ta ƙasan ƙofa da tafin takalmi take shigowa. Mai laushin kuwa a cikin ɗaki take samuwa, daga zaren bargo da labule da tapi, wato dardumar ɗaki, da gashin kai, da busasshiyar fatar da jikin mutum ke zubarwa. Daga baya ta san baƙa ta gawayin shayi, da fara wadda bangon siminti ke saki in ba a shafe shi da fenti ba.

Hajjo, ke ce wadda ba ki iya ganin abu ki wuce shi ba ki tambaya ba. Wannan halin ne ya amfani gidan Alhaji Abdurrazak.

Alhaji Abdurrazak ɗan Maradi ne, yana sayar da barguna a kasuwar Assihar. Ƴarsa ƙarama, Aishatu Humaira, ta kamu da fuka: numfashi ya riƙa sarƙe mata, ƙirjinta na fito, har ta daina zuwa lekkol, wato makarantar boko. Lokotoro a asibiti ya ba ta maganin shaƙa, ya kuma ja kunnen iyayen cewa magani kaɗai ba zai isa ba sai an raba ta da ƙura. Uwar yarinyar, Khadijat, ta ɗauki maganar da gaske. Ta rufe tagogi, ta riƙa shara safe, rana da yamma, tana kakkaɓe kujeru da busasshen tsumma. Tarin yarinyar sai ƙaruwa yake. Da abin ya fi ƙarfinta, ta aika aka kira Hajjo.

"Inna Hajjo, ban san abin da ya rage in yi ba," in ji Khadijat. "Hannuna har ya yi kanta."

"To ƴata, yi sharar in gani. Amma bari mu fitar da yarinyar tsakar gida tukuna."

Hajjo ta buɗe taga kaɗan, hasken safiya ya ratso ɗakin. Khadijat ta ja tsintsiya, nan take hasken ya cika da ƙura tana juyi sama.

"Kin gani?" in ji Hajjo a hankali. "Ba fitar da ita kike ba, tashe ta kike. Ta gama yawonta ta sauka kan matashin yarinyar."

Khadijat ta zauna bakin gado ta rufe fuska da gyale. Hajjo ba ta bar ta da kuka ba. Ta ce ta kawo ruwan ɗaurayar wanki, don a garin nan ba a wasa da ruwa, ta yayyafa kaɗan a ƙasa kafin tsintsiya ta taɓa. Ta jiƙa tsumma ta matse, ta fara daga saman kabad da fuka-fukan fanka ta gangaro ƙasa. Aka naɗe tapi aka kai waje nesa da ƙofa aka kakkaɓe, aka wanke labule, aka naɗa tsohon zane aka toshe ƙasan ƙofa. Tagogi kuma ta ce a buɗe su da sassafe in iska ta kwanta, a rufe in ta taso.

Da Hajjo ta sake dawowa gidan, jar ƙurar ta ragu, amma mai laushin na nan. Ta bi ta har bayan wani labule a ɗakin da yarinyar ke kwana, ta iske dilolin barguna jibge har kusa da rufi. Alhaji bai so maganar ba, don a ganinsa kaya ba su da wurin da ya fi gida tsaro.

"Alhaji, ni ban san kasuwa ba," in ji Hajjo. "Amma ka daki dila ɗaya da tafin hannu a gaban hasken nan, sannan ka yanke."

Ya daka. Ya tsaya yana kallon abin da ya tashi. Kafin azahar ya samo masu ɗauka aka kwashe kayan zuwa shago.

Yarinya ta fara samun sauƙi, sai dai duk yamma tarin yakan dawo. Kuma Hajjo na ganin wata farar ƙura a kan matashinta da wuyan rigarta. Abin ya ɗaure mata kai. Bangon gidan shafe yake da fenti. Ta hau kujera da ciwon gwiwarta ta shafa rufi, babu. Ta leƙa maƙwabta ko ana gini, babu. Ta zargi garin tuwo, ta sunsuna, ba shi ba ne. A taksi ma tana tafe tana juya maganar, har wata rana ta wuce inda za ta sauka.

Ran nan aiki ya riƙe ta har bayan la'asar. Tana naɗe tsummokaranta sai ga sallamar Sa'idu, ƙanen Khadijat, mai aikin gini. Aishatu Humaira ta rugo da gudu tana kiran "Kawu!" Ya ɗaga ta sama, ta kifa fuska a kafaɗarsa, sai wani farin gari ya tashi daga rigar. Siminti ne.

Hajjo ta ci gaba da naɗe tsummokaranta. Ta san in ta faɗa a gaban iyayen, tsoro zai sa su hana shi taɓa yarinyar. Ta kuma san Sa'idu ya baro tasa ƴar a Maradi, wannan ce yake gani ya ji sanyi. Sai ta jira ya fito, ta tare shi a ƙofar gida.

"Ɗana, ara mini hannun rigarka."

Ta ɗan kaɗa shi da yatsa, farin ya tashi. Sa'idu ya dubi rigar, ya dubi ƙofar gidan, fuskarsa ta canza.

"Inna, ni ke sa mata ciwon?"

"Ciwo na Allah ne. Rigar ce ke tsokano shi, riga kuma ana tuɓewa."

"To in daina zuwa?"

"Kul. Ka daina zuwa ta yi ta kuka, kukan ma ya sarƙe ta. Ka zo da wata riga a leda, ka canza a zaure, ka wanke kai da hannu. Kai ma naka ƙirjin ba dutse ba ne, ka riƙa ɗaure hanci a wurin aiki."

Washegari Sa'idu da kansa ya kafa ƙusa a zaure ya rataya kayan aiki, da kansa kuma ya gaya wa yayarsa dalili. Fukar ba ta rabu da Aishatu Humaira ba, har yau maganin shaƙarta na cikin jakarta. Amma tashin ciwon ya yi nisa da juna, ta koma lekkol. Abokan aikin Sa'idu masu iyali da suka ji labari, da yawansu yanzu ba sa shiga ɗaki da kayan gini.

Hajjo, ke ce kika ɗauki aikin da ake rainawa kika yi shi da ido buɗe. Kin shiga ɗakunan mutane kin ga abin da suke ɓoyewa bayan labule, ba a taɓa jinsa a bakinki ba. Kin gyara wa mata shararsu ba tare da kin kunyata su ba. Mai sanyin hannu, mai sanyin baki, mun gode. Allah ya ba gwiwarki lafiya, ya kai ki Damagaram lafiya, ya sa ki huta cikin jikokinki.

Mu da muka rage, kowa da aikin da yake yi kullum har ya daina ganinsa. Mu koyi tsayawa mu tambaya me ya sa, kamar yadda ta yi. Kuma duk wanda Hajjo ta taɓa share wa ɗaki, kada ya jira ya ji ta tafi sannan ya yabe ta. Tana nan Sersouf tana ɗaure kaya. Ku je ku gaishe ta, ku kama mata ɗaurin.